Daga Takarda Zuwa Shafin Intanet: Tarihin Wata Fassara Mai Wuya

A watan Maris na 1989, Tim Berners-Lee ya miƙa wa shugabanninsa a cibiyar bincike ta CERN shawarar da ta haifi yanar gizo. A manhajar rubutu ta kwamfutar Macintosh ya tsara ta, kuma da aka tashi ɗora ta a intanet, da hannu aka mayar da ita HTML. Ke nan tare da yanar gizo aka haifi wannan matsala.

Tushenta saɓanin manufa ne. Manhajoji irin su Word da WordPerfect domin takarda aka gina su, don haka kamanni suke adanawa: girman harafi, faɗin gefe, inda shafi ya ƙare. HTML kuwa matsayin kowane yanki yake bayyanawa: wannan kanu ne, wannan sakin layi, wannan jeri. Wanda ya kaurara harafi ya ƙara masa girma ya yi kanu a idon mutum, amma a wurin na'ura layi ne kamar sauran.

A 1995 Microsoft ya fitar da Internet Assistant domin Word, sannan Word 97 ya zo da damar adana rubutu kai tsaye a matsayin HTML. Word 2000 ya zarce haka: ya nemi shafin ya iya komawa takarda ba tare da an rasa komai ba. Saboda haka yakan cusa tarin umarnin da Word kaɗai ke fahimta, har ɗan gajeren rubutu ya kumbura. Abin ya kai Dreamweaver da HTML Tidy suka tanadi hanyar share wannan tarkace, shi kansa Microsoft ya fitar da matacinsa.

Masu rubutu da Hausa sun sha tasu wahalar. Kafin Unicode ya yaɗu, da salon haruffa na musamman ake buga ƙ da ɗ da ɓ, ana aron gurbin wasu alamomi. Da rubutun ya bar kwamfutar mai shi, sai lanƙwasar ta ɓace ko ta rikiɗe, ƙasa ta zama kasa.

Sauƙi ya zo ne da aka buɗe tsarin fayilolin. OpenDocument ya samu amincewar hukumar ISO a 2006, docx ya zo da Office 2007, kuma dukansu a kan XML aka gina su, wanda kowace manhaja ke iya karantawa. Pandoc, wanda John MacFarlane ya fara a 2006, yakan ɗauki tsarin rubutu ya bar adon.

Sai dai na'ura ba ta ƙirƙiro tsarin da marubuci bai sa ba. Rahoton da aka yi wa kanu da maɓallin kanu na ainihi, aka kuma rubuta da Unicode, yakan haye lafiya. Wanda aka jera da tazara da kaurin harafi kuwa, har yau sai an bi shi da hannu, kamar takardar 1989.