Barimar haƙa rijiya

Barimar haƙa rijiya wani kayan aiki ne na ƙarfe da ake murzawa da hannu don huda ƙasa har a cim ma ruwa. Ana amfani da ita wajen haƙa ƙananan rijiyoyin bututu na noman rani a fadamun arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Ba ta buƙatar mai ko lantarki, kuma mutum biyu zuwa huɗu sun isa su yi aiki da ita, sai dai a ƙasa mai laushi kaɗai take ci.

Suna

Kalmar barima daga Larabci ta shigo Hausa, inda take nufin abin huda mai murɗaɗɗen baki. Mutane da yawa sun fi saninta a matsayin sunan ƙaramin ɗan kunnen mata. Akwai 'yar'uwar wannan barima a ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada da Rasha, wadda masunta ke huda ƙanƙarar da ta rufe tafki da ita kafin su jefa ƙugiya.

Yadda ake aiki da ita

Barima na da sassa uku: baki mai yankar ƙasa, sandunan ƙarfe da ake ƙarawa ɗaya bisa ɗaya yayin da rami ke zurfi, da mariƙi a sama wanda ake murzawa. Bakin laka daban ne da na yashi, don haka ake sauya shi gwargwadon ƙasar da aka tarar.

Masu haƙa kan murza har baki ya cika, su zaro shi, su zubar da ƙasar, su sake mayarwa. Kowace zarowa na nufin kwance sanduna da sake ɗaura su, shi ya sa aikin ke ƙara nauyi da ƙaruwar zurfi. Wahalar gaske tana farawa ne idan an taɓo ruwa, domin jiƙaƙƙen yashi yana ruftawa ya cike ramin. A nan ake zura bututu ya tare bangon ramin, a ci gaba da kwashe yashin ta cikinsa da wata siririyar gugar ƙarfe mai murfi a gindi. Idan an kai zurfin da ake so, sai a saka bututun roba wanda aka tsattsaga ƙasansa da zarto, ruwa ya riƙa shiga, yashi ya tsaya a waje. Daga nan a yi ta jan ruwa har ya washe.

Irin wannan rijiya ba ta cika wuce mita 10 zuwa 15 ba. Ƙaramin injin ban ruwa kuwa ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya haura mita 7 ko 8, saboda haka inda ruwa ya yi nisa fiye da haka, rijiyar ba za ta yi wa manomi amfani ba ko da an haƙa ta da kyau.

A Birnin Kudu da Gwaram

Kudancin Jihar Jigawa na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Wannan ya bambanta yankin da Haɗeja da sauran arewa maso gabashin jihar, inda yashi da laka ke da zurfi. Barima ba ta huda dutse. A Birnin Kudu da Gwaram, wurin da take da amfani shi ne bakin koguna da fadamu, kamar gaɓar Kogin Bunga a ƙasar Gwaram, inda ambaliya ta daɗe tana tara yashi. A kan tudu, sai rijiyar da aka haƙa da diga ko burtsatsen babban inji. Manomin da ya sa aka haƙa masa da barima nesa da kogi yakan yi asarar kuɗin aiki, wani lokaci har da bakin barimar.

Kafin rijiyoyin bututu, da jigo ake ban ruwa. Sun yaɗu ne a shekarun 1980 ta hannun hukumar KNARDA, lokacin Jigawa na cikin Jihar Kano, sannan shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990 ya ƙara yaɗa su. A Najeriya an fi yawan haƙa su ta hanyar tura ruwa da inji ya wanke yashi. A Nijar kuwa, ƙungiyar Lutheran World Relief ta koyar da haƙa da barima.

Kulawa

Tsatsa da lanƙwashewa su ne manyan abokan gabar barima. Bayan aiki ana wanke lakar tun ba ta bushe ba, a shanya ƙarfen, a shafa wa baki da mahaɗan sanduna baƙin mai. Da damina, lokacin da ba a haƙa, a ɗaki ake ajiye ta, kuma ba a ƙasa ba. Idan baki ya dakushe akan wasa shi da magagari, idan ya tsage a kai wa mai walda.

Idan barima ta ci karo da dutse, ƙararta kan canza kuma ta daina nutsewa. Dannawa da ƙarfi ko dukan mariƙi da guduma na lanƙwasa sanduna, kuma lanƙwasasshiyar sanda karkataccen rami take haƙawa, wanda bututu ba zai shiga ba. Gara a zare ta a koma wani wuri. Ana kuma duba kusoshin mahaɗai kafin kowace zurawa, domin bakin da ya kwance ya faɗa rami da wuya a iya ciro shi. Ramin da aka fasa aiki a kansa ana cike shi da ƙasa saboda dabbobi da yara, kuma don kada ƙazanta ta gangara cikin ruwan ƙasa.