Kiɗan gargajiya na Afganistan da kayansa

Afganistan na zaune ne a mahaɗar tsoffin hanyoyin fatauci da suka haɗa Farisa da Indiya da tsakiyar Asiya, kuma kiɗan ƙasar ya ɗebo daga dukkan ɓangarorin uku. Pashtun da Tajik da Hazara da Uzbek, kowace ƙabila na da salonta, amma masana kan kasa kiɗan gida biyu: na karkara, wanda ake yi a bukukuwan aure da na shekara, da kuma na birni, wanda ya girma a fadar sarakunan Kabul.

Rubab

Rubab shi ne abin kiɗan da ƙasar ta ɗauka a matsayin alamarta, har ana yi masa kirari da zakin kayan kiɗa. Ana sassaƙa gangar jikinsa daga itacen da 'yan ƙasar ke kira tut, a rufe fuskarsa da fatar akuya. Yana da manyan tsirkiyoyi 3 da ake fitar da waƙa da su, sai wasu ƙanana fiye da 10 waɗanda ba a taɓa su, amma suna amsa amo da kansu idan an kaɗa manyan. Daga gare shi ne sarod na Indiya ya samo asali. A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sanya fasahar ƙera rubab da kaɗa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, da sunan Afganistan da Iran da Tajikistan da Uzbekistan.

Sauran kayan kiɗa

A arewacin ƙasar an fi sanin dambura, mai dogon wuya da tsirkiya 2. Birnin Herat ya shahara da dutar, wanda asalinsa tsirkiya 2 gare shi, kafin makaɗan birnin su ƙara masa har zuwa 14 a shekarun 1960. Gichak kuwa goga shi ake yi kamar goge. Akwai zerbagali, gangar hannu mai siffar tulu, da daira, wadda mata ke kaɗawa a cikin gida lokacin biki. A fili, ganga mai suna dohol da sorna, 'yar'uwar algaita, su ne ke tayar da rawar attan, inda maza ke zagayawa a da'ira, kiɗa na ƙara sauri har sai kowa ya gaji.

Kiɗan birni

A shekarun 1860, Amir Sher Ali Khan ya gayyato makaɗa daga Indiya zuwa fadarsa. Sun zauna a unguwar Kharabat ta Kabul, wadda ta zama cibiyar sana'ar, ɗa na gadon uba. Ta wannan hanya ce gangunan tabla suka samu gindin zama, daga baya harmoniyam ya biyo. Daga gidajen Kharabat aka samu Ustad Kasim, da Ustad Mohammad Omar, gwanin rubab da ya rasu a 1980, da Ustad Sarahang, wanda ya rasu a 1983. Rediyon Kabul ya kai muryoyinsu ƙauyuka, ya kuma buɗe wa mata ƙofa: a 1977 aka ba Farida Mahwash laƙabin Ustad.

Halin da ake ciki

Gwamnatin Taliban ta haramta kiɗa daga 1996 zuwa 2001. Bayan faɗuwarta sana'ar ta farfaɗo, kuma a 2010 Dokta Ahmad Sarmast ya kafa Cibiyar Koyar da Kiɗa ta Ƙasa a Kabul, wadda ta ɗauki yara maza da mata. Da Taliban ta dawo mulki a watan Agusta na 2021, an rufe cibiyar, malamanta da ɗalibanta suka samu mafaka a Portugal. A watan Yuli na 2023, hukumomi sun ƙona tarin kayan kiɗa a lardin Herat.

Ilimin rubab da dutar daga bakin malami zuwa kunnen almajiri yake tafiya, kuma masu sassaƙa su na dogara ne da cinikin makaɗa. Yau da yawa daga cikin masu riƙe da wannan ilimi suna Peshawar da Mashhad da biranen Turai da Amurka, inda suke koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira.