Tauraro a Cikin Alamar Zance

Duk wanda ya daɗe yana buga umarni a Unix ya san cewa manhaja ba ta ganin tauraron da aka rubuta mata. Ka buga ls *.txt, kafin ls ta fara aiki shel ya riga ya ɗauke tauraron, ya jera sunayen fayiloli a gurbinsa. Haka su Ken Thompson suka tsara a Bell Labs. Har zuwa bugun Unix na shida na 1975, wata ƙaramar manhaja ce, /etc/glob, shel ke miƙa wa wannan aiki. A shel ɗin Stephen Bourne na 1979 kuwa, shel da kansa yake yi. Alamar zance ita ce ke hana shi taɓa tauraron. Shi ya sa muke rubuta find . -name '*.txt', domin find na son tauraronta ɗanye.

Saɓani ya fara ne a kan abin da za a yi idan ba fayil ko ɗaya da ya dace. Bourne ya bar tauraron ya wuce yadda yake, bash na Brian Fox ya gaji hakan a 1989. Csh na Bill Joy kan ƙi umarnin, zsh ma haka. Mutane da yawa sun shekara suna mantawa da alamar zance, bash na rufa musu asiri, sai da Apple ya mayar da zsh shel ɗin macOS a 2019 umarninsu suka fara tsayawa.

Sauyin da ya fi yi mana ciwo game da alamar zance shi ne na =~, alamar gwada rubutu da regex. Bash 3.0 ya kawo shi a 2004, muka saba sanya tsarin regex cikin alamar zance. A 2006 bash 3.2 ya ce duk abin da ke cikin alamar zance rubutu ne zalla, a gwada shi harafi da harafi. A ganina hukuncin daidai ne, domin haka == ke yi tun da. Amma tsofaffin rubuce-rubucen umarni sun daina dacewa shiru, ba saƙon kuskure, har aka ƙara zaɓin compat31 don masu son tsohon hali. Tun daga nan muke ajiye tsarin a cikin suna, mu kira shi da $re ba alamar zance, hanyar da ke aiki a 3.1 da duk bugun da ya biyo baya.