Kujerar Shugabanci a Majami'ar Kwedlinburg

Yau za mu duba tarihin wata tsohuwar majami'a a ƙasar Jamus, mu ga yadda shugabanninta suka yi ta gādon juna har fiye da shekara 860.

A garin Kwedlinburg aka binne Sarki Henri na Ɗaya a shekara ta 936. Matarsa Matilda ta roƙi ɗansu, Sarki Oto na Ɗaya, ya kafa gidan addu'a a kan tudun da kabarin yake. Mata 'ya'yan manya suka zauna a wurin. Aikinsu shi ne yin sujada kullum a majami'a, da addu'a domin gidan sarki, da koya wa 'yan mata karatu, da taimakon matalauta. Wadda ta so aure tana iya fita. Aka ba gidan gonaki da ƙauyuka. Shugabarsa kuma ba ta ƙarƙashin kowa sai sarki da Paparoma.

Matilda ta riƙe gidan shekara 30. A 966 aka naɗa jikarta, 'yar Sarki Oto, ita ma Matilda, tana da kamar shekara 11. Yarinyar ta girma ta zama mace mai hikima. Da Sarki Oto na Uku, ɗan ɗan'uwanta, ya tafi Italiya a 997, a hannunta ya bar riƙon Jamus. Ta rasu a 999. Adelhaid 'yar Oto na Biyu ta gāje ta. Bayanta sai 'ya'yan Sarki Henri na Uku guda biyu, Biyatris da wata Adelhaid, wadda ta rasu a 1096. Wato shekara 130 ke nan, kowace shugaba 'yar sarki ce.

Ba mu ce dukansu sun yi mugun riƙo ba. Amma al'adar ta sa kujerar ikkilisiya ta zama kamar kayan gādon fāda, aka kuma ga sakamakon daga baya.

A 1458 Hedwik 'yar gidan sarautar Saksoni ta hau kujerar tana da kamar shekara 13. A 1477 mutanen gari suka so su fita daga ƙarƙashin ikonta. Sai ta kira 'yan'uwanta maza, Ernst da Albrekt. Suka aiko da mayaƙa, suka ci garin da ƙarfi. Daga nan ikon tsaron gidan ya zauna a hannun sarakunan Saksoni. Wanda yake tsaronka kuwa, yana da ta cewa a cikin gidanka.

Ana ta Biyu 'yar gidan Stolberg ta ɗanɗana wannan. A zamaninta ne koyarwar Martin Luta ta bazu a Jamus. Amma mai tsaron gidan, Jorj na Saksoni, maƙiyin koyarwar ne ƙwarai. Sai da ya mutu a 1539 ta sami hanyar kawo gyaran ikkilisiya a fili. Ta kafa makaranta a garin, ta riƙe kujerar har 1574.

A 1698 mai mulkin Saksoni ya sayar wa gidan Brandenburg da ikon tsaron nan saboda yana bukatar kuɗi. Shugabar lokacin ta ƙi yarda, amma ba a saurare ta ba. A 1803 ƙasar Furushiya ta haɗiye dukiyar gidan, aka rufe shi. Shugaba ta 39, ta ƙarshe kuma, ita ce Sofiya Albertina, 'yar sarkin Suwidin.

Ko bayan haka masu mulki ba su ƙyale majami'ar ba. A 1938 'yan Nazi suka ƙwace ta saboda kabarin Sarki Henri, suka hana masu bi yin sujada a ciki. A 1945 aka mayar wa ikkilisiya da ita. Sarakunan nan duka sun wuce, amma har yau ana taruwa a wurin da sunan Yesu.

'Yan'uwa, wannan gwaji ba na Turawa kaɗai ba ne. A 1 Sama'ila sura 8 mun ga annabi Sama'ila ya naɗa 'ya'yansa alƙalai, suka bi kuɗi suka karɓi hanci. Mu ma lokacin zaɓen dattawa da fastoci yakan zo. Akan ce wane ɗan wanda ya ba da filin majami'a ne, ko wane ɗan kabilarmu ne, ko mai kuɗin gari yana bayansa. Ɗan fasto yana iya zama fasto nagari, in Allah ya kira shi. Amma sai mu gwada halinsa da koyarwarsa kamar na kowa, mu kuma tambayi kanmu wa zai ji tsoro bayan ya hau kujerar, Allah ko wanda ya ɗora shi.

Ubangiji ya ba ikkilisiyoyinmu makiyaya masu aminci. Amin.