Amsar Baki da Halin Rayuwa: Inda Ma'aunin Farin Ciki na Layard Ya Gaza

Tun da Richard Layard na Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan ya fitar da littafinsa kan farin ciki a 2005, wani ra'ayi ya samu gindin zama a wurin masu tsara manufofin gwamnati: wai babban aikin hukuma shi ne ƙara wa jama'a farin ciki, kuma hanyar sanin ko ta yi nasara ita ce a tambayi mutane yadda suke ji. Asalin ra'ayin na Jeremy Bentham ne (1789), John Stuart Mill ya yi masa kwaskwarima (1863), Robert Nozick kuma ya soke shi da misalin na'urar da ke cusa wa mutum daɗin ƙarya (1974). Abin da ya sauya shi ne maganar ta bar ɗakin karatu ta shiga ofis. Tun 2012 ake fitar da Rahoton Farin Ciki na Duniya, wanda Layard na cikin editocinsa, ana jera ƙasashe daga sama zuwa ƙasa. A ganina, amsar da mutum ya bayar game da kansa shaida ce mai daraja, amma ɗora rabon dukiyar ƙasa a kanta ita kaɗai zai cuci waɗanda suka fi kowa buƙata.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Amartya Sen. A 1944, shekara guda bayan yunwar Bengal a Indiya, an yi binciken lafiya a Singur kusa da Kalkata, aka tambayi mutane yadda suke jin jikinsu. Kusan rabin mazan da matansu suka rasu sun ce ba su da lafiya ko jikin dai sama-sama. A cikin matan da mazansu suka rasu kuwa, waɗanda suka faɗi haka ba su kai uku cikin ɗari ba, alhali suna cikin mawuyacin hali. Sen ya sake nuna irin wannan a 2002: jihar Kerala, inda ilimi ya yalwata kuma mutane suka fi tsawon rai a Indiya, ita ce ta fi yawan masu ƙorafin ciwo, Bihar kuwa, inda asibiti ya yi ƙaranci, ƙorafin kaɗan ne. Wanda bai taɓa ganin an warkar da zazzaɓi ba yakan ɗauke shi wani ɓangare na zaman duniya, ba abin kai ƙara ba.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya buƙatar zuwa Indiya kafin ya gane wannan. A shiga ɗakin marasa lafiya da yamma, lokacin da 'yan dubiya suke shigowa da kwanukan abinci. Ga tsohuwa kwance, an ɗaura mata ruwa, ko juyawa ba ta iya yi sai an tallafe ta. A ce mata, "Inna, yaya jiki?" Amsar ita ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ba ƙarya ta yi ba. Ta amsa yadda mai tarbiyya da imani yake amsawa. Amma mai binciken da ya rubuta wannan amsa a takarda a matsayin bayanin halin da take ciki, shi ne ya yi kuskure. Shi ya sa ya kamata a yi taka-tsantsan da labarin da ya bazu a 2003, lokacin da mujallar New Scientist ta ruwaito wani bincike da ya ɗora 'yan Nijeriya a kan gaba wajen farin ciki a duniya.

To, ga inda mai goyon bayan Layard zai ja daga, kuma jayayyarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce: wa ya ba masani ikon ya gaya wa mace cewa farin cikinta na bogi ne? In an ƙi amsarta, amsar wa za a karɓa? Ta jami'in da ke zaune a babban birni, wanda ya riga ya yanke cewa rayuwa mai kyau ita ce irin tasa? Tarihin mulkin mallaka cike yake da mutanen da suka yi iƙirarin sun fi talaka sanin abin da zai amfane shi. A wurinmu kuma jayayyar tana da wani kaifi na daban, domin wadatar zuci ba aibi ba ce. Imamu Ghazali ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin kan haƙuri da godiya, kuma malamai sun daɗe suna koyar da cewa mai ƙana'a ya fi mai kwaɗayi kwanciyar hankali. Ashe hujjar Sen ba ta mayar da kyakkyawar ɗabi'a cuta ba?

Ina ganin ba ta mayar ba, muddin aka bambanta abubuwa biyu da suke kama da juna a baki. Jon Elster ya yi wannan rarrabewa a 1983: akwai wanda ya san abin da ke akwai, yana da hanyar nemansa, amma ya hori zuciyarsa da gangan ta bar shi, akwai kuma wanda burinsa ya tsuke ba da saninsa ba, saboda duk ƙofar da ya taɓa a rufe take. Malamin da ya ƙi muƙami ya zauna a zaurensa yana karantarwa yana cikin kashin farko. Yarinyar da ba ta taɓa sha'awar makaranta ba don babu makaranta a ƙauyensu tana cikin na biyu. Su biyun za su ce wa mai tambaya sun gode Allah, kuma takardar bincike ba ta da hanyar raba su. Ko a koyarwar malaman, ƙana'a tarbiyya ce da mutum yake yi wa kansa. Ba a taɓa mayar da ita uzurin da shugaba zai fake da shi ya hana talakawa haƙƙinsu ba. Game da zargin nuna isa kuwa, Sen bai nemi a zaɓa wa kowa rayuwa ba. Abin da ya nema shi ne a auna abin da mutum yake da ikon yi, kamar karatu da samun magani da ƙoshi, sa'annan a bar masa zaɓi.

Abokin jayayya yana da sauran kibiya, kuma wannan ta fi samun wuri. Zai nuna cewa alƙaluma ba su goyi bayan cewa talaka yana sabawa da komai ba. Angus Deaton ya nuna a 2008, da bayanan kamfanin bincike na Gallup, cewa ƙasashe matalauta suna ba rayuwarsu maki ƙasa da masu arziki, kuma binciken da ya bi mutane shekara da shekaru a Jamus ya gano cewa wanda ya rasa aiki ba ya komawa daidai yadda yake a da. Nijeriya ma, a jerin Rahoton Farin Ciki na Duniya na shekarun nan, tana wajejen ta ɗari ne. Dole a karɓi wannan, kuma dole da'awar ta ragu: sabo da wahala ba ya shafe komai, kuma amsar baki ta fi amfani in ana bin mutum guda a tsawon lokaci. Haka nan Layard ya cancanci yabo kan yadda ya yi amfani da waɗannan alƙaluma ya ja hankalin gwamnatin Ingila ga ciwon damuwa, wanda lissafin kuɗin shiga ba ya gani ko kaɗan.

Sai dai a lura da tambayar da ta samar da waɗannan sakamako. A wannan tambaya, Gallup ba ta neman sanin ko mutum yana jin daɗi. Tana sa shi ya ɗauki rayuwarsa tamkar tsani mai mataki daga 0 zuwa 10, inda na sama shi ne mafificiyar rayuwar da zai iya samu, ya faɗi inda yake tsaye. Wannan hukunci ne na hankali, kuma Daniel Kahneman da Deaton sun nuna a 2010 cewa yana tafiya daban da yanayin zuciya na yau da gobe. Ke nan ma'aunin da ya fi tsayuwa ya riga ya bar jin daɗin da Bentham yake nufi. Kuma har yanzu ya dogara ne da abin da mai amsa ya sani, domin saman tsanin nasa bai wuce inda tunaninsa ya kai ba.

Wannan ya daina zama gardamar masana kawai. A 2021 Baitulmalin Birtaniya ya fitar da jagora da ya ƙiyasta ƙarin maki ɗaya na gamsuwa da rayuwa, ga mutum guda a shekara guda, a kan fam 13,000, don a riƙa auna ayyukan gwamnati da shi. In aka ɗauko wannan lissafi aka kawo shi inda tazarar ilimi tsakanin maza da mata, ko birni da ƙauye, take da faɗi, to akwai yiwuwar aikin da aka yi wa masu iya ƙorafi ya fi nuna riba a takarda, domin makinsu ne yake da sararin hawa. Matar da ta riga ta ce tana mataki na takwas alhali ba ta da rijiya kusa, famfon da za a gina mata ba lallai ya motsa amsarta sosai ba, kuma mai kasafi zai ga kamar kuɗin bai yi aiki ba.