Tarihin Kotunan Magance Shan Miyagun Ƙwayoyi a Amurka da Batun Adalci a Gaban Alƙali

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wani nau'in kotu da ya samo asali a ƙasar Amurka, wato kotun da kan tura mai shan ƙwaya wajen magani a maimakon gidan yari. Za a dubi yanayin da ya haifar da ita da yadda ta bazu, sa'annan a nuna cewa kusancin da ta samar tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma shi ne tushen nasararta, kuma shi ne mafarin sukar da ake yi mata.

2.0 Yanayin da ya Haifar da Kotun

Tun a shekarar 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar Robinson da Jihar Kalifoniya, cewa ba a hukunta mutum don kawai ya kamu da jarabar ƙwaya, domin jarabar cuta ce. Sai dai mallakar ƙwayar da sayar da ita sun ci gaba da zama laifi, hukuncinsu kuma sai ƙara tsanani ya riƙa yi. A 1971 Shugaba Richard Nixon ya ayyana shan ƙwaya a matsayin babban maƙiyin al'umma. A 1973 Jihar New York, a ƙarƙashin Gwamna Nelson Rockefeller, ta kafa dokar ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba ga wanda aka kama da oza 4 na koken ko hiroyin.

A 1986 majalisar tarayya ta yi dokar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce. Dokar ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 5 ga wanda aka samu da laifin fataucin giram 5 na dunƙulalliyar koken da ake kira kirak, alhali mai garin koken sai ya kai giram 500 zai fuskanci wannan hukunci. Da yake yawancin waɗanda aka gurfanar kan kirak baƙaƙen fata ne, nauyin dokar ya fi faɗawa a kansu. Yawan mutanen da ke tsare a ƙasar, wanda yake kimanin 500,000 a 1980, ya haura miliyan ɗaya kafin 1990 ta ƙare. Alƙalai suka wayi gari suna ganin fuskoki iri ɗaya: a ɗaure mutum, ya fito, ya koma ga ƙwaya, a sake kawo shi.

3.0 Kotun Mayami

A cikin wannan hali ne aka buɗe kotu ta farko irin wannan a birnin Mayami na Jihar Fulorida a 1989. Alƙali Herbert Klein ne ya tsara ta, da haɗin kan babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, Janet Reno, da shugaban lauyoyin da ke kare marasa galihu, Bennett Brummer. Alƙali Stanley Goldstein ne ya fara zama a kanta.

Tsarin ya saɓa wa abin da aka saba. Wanda aka kama da ƙwaya, matuƙar laifinsa bai haɗa da tashin hankali ba, akan dakatar da shari'arsa a shigar da shi shirin magani na kimanin shekara ɗaya, mai matakai uku: fitar da ƙwaya daga jiki, da daidaita hali, da shirin komawa cikin jama'a ta hanyar karatu ko sana'a. Akan gwada fitsarinsa a kai a kai, yakan kuma bayyana gaban alƙali lokaci-lokaci. A nan alƙali kan yi magana da shi baki da baki, ya yaba masa in ya yi ƙoƙari, ya tsawata masa ko ya tsare shi na 'yan kwanaki in ya karya ƙa'ida. Wanda ya kammala, sai a janye tuhumar.

4.0 Bazuwarta

Janet Reno ta zama ministar shari'a ta Amurka a 1993, a shekarar 1994 kuma dokar yaƙi da manyan laifuffuka ta ware kuɗin tarayya don kafa irin waɗannan kotuna. A 1997 aka fitar da ƙa'idoji goma da suka zama ma'aunin aikinsu. Daga nan tsarin ya tsallaka zuwa Toronto ta Kanada a 1998, da Ostareliya a 1999, da Glasgow ta Sikotilan a 2001. A Amurka kanta adadinsu ya haura 3,000, har da waɗanda aka keɓe wa matasa da tsofaffin sojoji.

Wani babban bincike da aka buga a 2011, wanda ya shafi kotuna 23, ya gano cewa mahalarta shirin sun rage shan ƙwaya da aikata laifi fiye da takwarorinsu. Abin lura shi ne, yadda mutum ke kallon alƙalinsa na daga cikin abubuwan da suka fi tasiri. Wanda ya ga alƙali ya san shi, ya saurare shi, ya kuma girmama shi, ya fi tsayawa kan magani. Wannan ya yi daidai da ra'ayin da masani Tom Tyler ya gabatar tun a 1990, cewa mutane sun fi bin doka idan suka gamsu da hanyar da aka bi wajen yi musu hukunci.

5.0 Matsalar Adalci

Duk da haka, akwai ƙorafe-ƙorafe masu nauyi. Na farko, da tafiya ta yi nisa, kotuna da yawa sun sauya tsarin Mayami, suka wajabta wa mutum ya amsa laifinsa kafin a karɓe shi. Idan ya kāsa kammala shirin, hukunci na jiransa ba tare da an saurari shaidu ba, wani lokaci ma ya fi wanda zai samu da ya bi shari'ar yau da kullum. Ƙungiyar lauyoyin kare waɗanda ake tuhuma ta Amurka ta yi wannan suka a rahotonta na 2009.

Na biyu, alƙali da mai gabatar da ƙara da lauyan kariya sukan zauna tare su tattauna lamarin mutum kafin zaman kotu, ba ya nan. Lauyan da ya kamata ya tsaya masa sai ya zama ɗan kwamiti. Na uku, sharuɗɗan shiga kan hana masu tsohon laifi, waɗanda galibi daga unguwannin da 'yan sanda suka fi kai samame suke. Na huɗu, alƙalai da dama sun hana amfani da magunguna irin su metadon, har sai da gwamnatin tarayya ta sharɗanta a 2015 cewa kotun da ke karɓar tallafinta ba za ta hana mutum maganin da likita ya rubuta masa ba.

6.0 Kammalawa

Tarihin da aka bayar ya nuna cewa kotun ta zo ne don rage raɗaɗin dokokin da ba ita ta yi ba, kuma gyaran dokokin ya daɗe bai zo ba. Sai a 2010 aka rage bambancin kirak da garin koken daga ninki 100 zuwa 18, sai a 2018 kuma aka bai wa waɗanda aka ɗaure da tsohuwar doka damar neman sassauci. Darasin da ke ciki shi ne, kyakkyawar mu'amalar alƙali tana da amfani ƙwarai, amma ba ta maye gurbin haƙƙin mutum na a saurari shari'arsa, kuma ba ta isa ga wanda aka rufe wa ƙofa tun farko.