Saki da sake aure: Yadda dokar Amurka ke lissafa shekarun neman zama ɗan ƙasa

Mai riƙe da katin zama na dindindin a Amurka, wanda aka fi sani da girin kad, yana da hanyoyi biyu da aka fi bi wajen neman zama ɗan ƙasa. Ta farko ita ce ta kowa da kowa, wadda sashe na 316 na dokar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta shekarar 1952 ya tanada, wato mutum ya shekara biyar yana zaune a ƙasar da katin. Ta biyu kuwa sassauci ne da sashe na 319 ya yi wa wanda ke aure da ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, inda aka rage wa'adin zuwa shekara uku. Wannan rangwame na shekara biyu shi ne ke jefa mutane da dama cikin ruɗani idan aure ya mutu aka sake wani.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne lissafi biyu ake yi, kowanne da mafarinsa. Akwai lissafin zama, wanda ke farawa daga ranar da ke rubuce a jikin katin, kuma saki ba ya taɓa shi matuƙar katin yana nan daram. Akwai kuma lissafin aure, shi ne wanda ke rushewa. Doka ta buƙaci mai nema ya kasance yana zaman aure da mutum ɗaya, a gida ɗaya, tsawon shekara ukun da suka gabaci ranar miƙa takarda, sannan shi abokin zaman ya kasance ɗan ƙasa a duk tsawon lokacin. Ba a haɗa shekarun aure biyu a tara. Wadda ta yi shekara biyu da mijin farko, ta kuma yi shekara ɗaya da na biyu, shekara ɗaya kacal take da ita a idon hukumar USCIS mai kula da wannan aiki, ko da mazan biyu duk 'yan ƙasa ne.

Ƙa'idar ta fi tsanani ga wanda ya riga ya miƙa takardar nema, wato fom N-400. Dole igiyar auren ta kasance tana nan har ranar rantsuwa. Idan saki ya auku bayan an yi hira da jami'i amma kafin a rantse, cancantar ta faɗi, kuma ƙa'idojin hukumar sun fayyace cewa auren wani ɗan ƙasar ba ya farfaɗo da ita. Haka hukuncin yake idan abokin zaman ya rasu, in ban da wasu tanade-tanade na iyalan sojoji, haka kuma idan kotu ta raba musu zama ba tare da saki ba. Rabuwar da aiki ya tilasta, kamar a tura miji wani gari, ba ta karya zaman aure. Yaji mai tsawo kuwa jami'i ne ke duba shi gwargwadon yadda al'amarin yake.

Daga nan lissafin mai sauƙi ne, kuma sau da yawa yakan nuna cewa sabon auren bai ƙara komai ba. A ɗauki misalin matar da ta samu kati a watan Janairun 2021, aurenta ya mutu, ta sake aure a watan Yunin 2024. Ta hanyar aure sai ta jira Yunin 2027, alhali shekara biyar ɗinta na cika tun Janairun 2026. Duk wanda katinsa ya kai shekara biyu a ranar da aka ɗaura sabon auren, hanyar shekara biyar ba za ta gaza ɗayar sauri ba, kuma ta fi ƙarancin tambayoyi, domin ba ta rataya a kan auren kowa ba. Wanda sabon aure ke yi wa amfani shi ne wanda ya yi shi da wuri, misali ya samu kati a Maris 2023 ya yi aure a Satumbar wannan shekarar, sai ya cancanta a Satumbar 2026 maimakon Maris 2028. Akwai damar miƙa takarda kwana 90 kafin cikar wa'adin zama, amma damar ba ta shafi shekara ukun aure ba, su dole su cika cif a ranar miƙawa.

'Yan kasuwa masu yawan tafiya suna da wani lissafin da za su kula da shi. A hanyar shekara biyar ana buƙatar mutum ya kasance a cikin Amurka da ƙafarsa na aƙalla wata 30, a ta shekara uku kuma wata 18. Tafiyar da ta haura wata shida tana sa a ɗauka cewa zaman ya yanke sai an kawo hujja, wadda ta kai shekara guda kuwa tana yanke shi.

Duk wannan bayani ya shafi mai cikakken kati ne. Wanda aurensa bai kai shekara biyu ba a lokacin da aka ba shi izinin zama, katin sharaɗi na shekara biyu yake samu, bisa gyaran dokar da aka yi a 1986 domin daƙile auren bogi. Miji da mata ne ke cike fom I-751 tare don a cire sharaɗin. Idan aure ya mutu kafin nan, mutum na iya nema shi kaɗai, amma sai ya tabbatar da cewa auren na gaskiya ne tun farko, da shaidu irin su takardar haya ko asusun banki da takardun haraji masu sunayensu biyu, ko takardun haihuwar 'ya'ya. Sabon miji ko sabuwar mata ba su da hurumin sa hannu a madadin na farko. Shekarun da aka yi da katin sharaɗi suna shiga lissafin zama.

Auren farko ba ya ɓacewa daga fayil. Sashe na 318 ya ce ba a ba mutum shaidar zama ɗan ƙasa sai in ta halastacciyar hanya ya samu zaman dindindin, don haka jami'i na da ikon komawa baya ya binciki auren da ya samar da katin, ko da ta hanyar shekara biyar aka nema. Auren da aka ƙulla don takarda laifi ne da hukuncinsa ke kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne ingancin sakin kansa. A Amurka kotun jiha ce ke kashe aure. Sakin da miji ya furta ko ya rubuta a takarda a can yana iya raba su a addini, har a yi idda a gama, amma a wurin hukuma auren na nan, kuma duk auren da aka ɗaura a kansa ɓatacce ne. Fom N-400 yana tambaya ko mutum ya taɓa kasancewa da aure fiye da ɗaya a lokaci guda, domin hakan na hana a shaide shi da kyawun hali, wanda sharaɗi ne a hanyoyin biyu. Ƙin biyan kuɗin ciyar da 'ya'ya bayan rabuwa ma yana taɓa wannan shaida.

Sakin da aka yi a gida Afirka kuwa ya danganta da dokar ƙasar da aka yi shi da kuma ta jihar da aka ɗaura sabon auren. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Richmond ta yanke hukunci kan wani ɗan asalin Ghana da aka hana zama ɗan ƙasa, bisa hujjar cewa matarsa ta rabu da mijinta na farko ne ta hanyar sakin gargajiya a Ghana alhali su biyun ba a can suke zaune ba. Kotun ta ce jihar Bajiniya za ta amince da wannan saki, ta ba shi gaskiya. Sai dai hukuncin ya ginu ne a kan dokar jiha ɗaya, kuma sai da aka yi doguwar shari'a kafin a kai gare shi. Takardar kotu mai hatimi, daga babbar kotu ko kotun shari'a ko ta gargajiya gwargwadon irin auren, tare da fassarar Turanci da aka tabbatar, ta fi takardar rantsuwar dangi nauyi nesa ba kusa ba.

Doka ta keɓe waɗanda suka samu izinin zama saboda cin zarafin da miji ko mata ɗan ƙasa ya yi musu. Su suna iya nema bayan shekara uku ba tare da sharaɗin zaman aure ba, ko da an riga an rabu.

A Najeriya tsarin ya sha bamban. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ke auren ɗan Najeriya, ko wadda ta taɓa aurensa, damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Sashe na 28 kuma ya bar wa ɗan Najeriya na haihuwa 'yancinsa idan ya karɓi shaidar wata ƙasa, saboda haka wanda ya yi rantsuwa a Amurka yana iya ci gaba da riƙe fasfonsa na Najeriya.